Wace kalma za mu ba marketing? Talla ta yi masa kaɗan

Salamu alaikum ƴan'uwa. Ina neman taimakonku a kan kalma guda da ta daɗe tana damuna.

Ni ƴar Damagaram ce, a nan Zinder na yi karatu, a nan nake aiki. Ina taimaka wa ƙananan masu sana'a, yawancinsu ƙungiyoyin mata masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da garin kunu, su san wa zai sayi kayansu, nawa zai iya biya, a cikin me za a zuba, wace alama za a manna a jiki. A takardar aikina an rubuta sunan wannan aikin marketing da étude de marché, wato nazarin masu saye da Faransanci. Amma mutanen da nake wa aikin da Hausa muke magana, kuma duk ranar da na zauna da su sai wani ya ce, "To, wato talla kike yi." Nakan ce e don kada zance ya yi tsawo, alhali raina bai yarda ba.

Ga dalilina. Wata ƙungiya ta zuba man gyaɗarta a kwalabe na lita guda, mai kyau, tatacce. Suka biya aka yi musu sanarwa a rediyo. Man ya yi kwantai. Da suka kira ni, ban taɓa sanarwar ba. Na yi Alhamis uku a Kasuwar Dole ina tsaye kusa da masu mai, ina kallon hannun masu saye. Mace za ta zo da dala ashirin ko dala hamsin, wato sefa ɗari ko ɗari biyu da hamsin, a auna mata na girkin yau, gobe kuma Allah ya kai mu. Mai sayen lita ɗaiɗai ne. Na koma na ce musu su rage mazubi, su bar farashi inda cefanen yini zai kai. Kafin wata ya ƙare sun fara juya kuɗinsu. A duk wannan aikin babu inda na ɗaga murya na kira mai saye. To ina tallar take?

Tun da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar a watan Maris na 2025, ina ganin irin waɗannan kalmomi ba za su ci gaba da zama a bakin ƴan boko kaɗai ba. Me kuke gani?

Ɗan Mirya:
Ƴar'uwa, ni dai tallace-tallace nake ji a kafofin labarai, kuma kowa yana ganewa. Me ya sa za mu wahalar da kanmu?

Malamin Hausa:
Ƴata, kin yi gaskiya. Talla ita ce kai kaya gaban mai saye da kiransa, ko yarinya ce da tire a ka, ko murya ce a rediyo. Aikin ƙarshe ke nan, bayan an gama shawarar me za a yi da nawa za a sayar. Idan muka ba marketing sunan talla, wace kalma za ta rage wa publicité, wato sanarwar kiran mai saye da Faransanci? Ni na so in ce kasuwantarwa, daga kasuwantar da abu. Ginin kalmar daidai yake da nahawu.

Maman Ƴan Biyu:
Malam, a gafarce ni, kasuwantarwa ba ta zauna mini ba. Inda nake jin ta, zargi ne: an kasuwantar da ilimi, an kasuwantar da aure. Ana nufin an mai da abin da bai kamata ba hajar sayarwa. Ba zan so a kira sana'ar yarinyar nan da ita ba. Ni shekarata ashirin ina sayar da turaren wuta da humra a Zango. In na haɗa sabon turare, cewa nake yi bari in nema masa kasuwa. Ba talla nake nufi ba. Ina nufin in gano gidajen da ake shirin biki, in ba da ɗan kaɗan a gwada, in ji ko ƙamshin ya yi ƙarfi, in san ko ƴan Magariya za su ɗauka ko sai na kai Kano. Kalmar tana bakinmu tun da can.

Ɗan Mirya:
Neman kasuwa? Baƙo ma da ya sauka tasha neman kasuwa yake yi.

Malamin Hausa:
Wannan ba matsala ba ce. Kasuwa a Hausa ba rumfuna kaɗai ba ce. Muna cewa kasuwar gero ta faɗi, kasuwarsa ta buɗe, abin nan ba shi da kasuwa, kuma ba wanda ke tunanin an rushe gini. Hajiya ta fi ni, na janye tawa.

Amsata:
Na gode ƙwarai, musamman Hajiya. Da na karanta maganarki sai na tuna kakata. In an kawo mata sabon abu a ce ta sara, abin da take fara tambaya shi ne, "Yana da kasuwa?" Tambayar da aka koya mana da Faransanci a aji, da zane-zane a allo, ita ce wannan. Neman kasuwa ya ɗauki duka: sanin mai saye, gyara kayan, yanke farashi, zaɓen inda za a kai, sannan talla ta biyo a matsayin reshe guda. Mai aikin kuma mai neman kasuwa, ko mai nema wa kaya kasuwa in ana son a fayyace. Na karɓa.

Saura étude de marché. Binciken kasuwa shi ne ya fara zuwa bakin kowa, kuma a rubuce ba shi da laifi. Amma na gwada shi a fili, na ga abin da yake yi. Ranar da na ce wa wani mai shago a Birni bincike nake yi, nan take fuskarsa ta canza, ya ce yaron shago ne shi, maigidan ya yi tafiya. A kunnen ɗan kasuwa bincike na ƴan duwan ne da ƴan haraji. Da na koma wani mako na ce, "Baba, na zo jin kasuwa ne," ya ba ni benci, ya yi mini bayanin abin da ke tafiya da abin da ke kwana, har da wanda ban tambaya ba. Dillalan dabbobi da masu awon hatsi suna aika yaro ya je ya jiyo kasuwa kafin su fitar da kaya. Abin da nake yi da takardar tambayoyi da wayata shi ne wannan, sai dai ni ina rubutawa ina ƙirgawa. Saboda haka zan riƙe biyun: binciken kasuwa a rahoto, jin kasuwa a gaban mutane.

Maman Ƴan Biyu:
Haka ne ƴata. Kuma ki riƙa sayen ko ɗan abu kaɗan kafin ki fara tambaya, bakin mai kaya ya fi buɗewa.

Amsata:
In sha Allahu, Hajiya. Malam, akwai ta uku da ban kawo ba, design. Zane ya ɗauki hoton da ke jikin kwalba, wanda da shi masu saye da yawa ke kiran kaya, mai zakara, mai tauraro, tunda ba kowa ke karanta rubutun ba. Amma bai ɗauki girman kwalbar da murfinta da yadda take zama a hannu ba. Kalmar tsari nake ta juyawa a raina. Ranar Alhamis ina Kasuwar Dole, zan gwada ta a kan masu buga leda da masu yin tambari in ji yadda za su karɓe ta, sai in dawo muku.