Birkin Peugeot 504 ya ƙi yin tauri bayan an fitar da iska

Mai504_Kakuri: Assalamu alaikum. 504 ce haɗin PAN (kamfanin haɗa Peugeot na Kaduna), birkin faifai a gaba, na ganga a baya. An sa sabon masta (famfon da ke tura man birki idan an taka), an fitar da iska sau uku, amma har yanzu birkin sai ya kusa ƙasa yake kamawa. Idan aka taka sau biyu da sauri yana tauri. Ina matsalar take?

BakanikenPanteka: Wa alaikumus salam, Alhaji. Fara da bambancewa. Ka taka ka riƙe: idan yana nutsewa a hankali kuma babu yoyo a ko'ina, robobin cikin masta ne ke sakin mai. Idan laushi yake kamar soso, iska ce. Wanda ke tauri a taku na biyu kuwa, galibi takalman birkin baya ne suka yi nisa da ganga. A matso da su har taya ta fara ɗan gogawa, sannan a sassauta kaɗan.

Shi masta, an cika shi da mai an fitar masa da iska kafin a ɗaura? In ba a yi ba, iskar na maƙale a cikinsa, ko lita nawa aka zuba da wuya ta fita ta taya.

Injiniya_TudunWada: Gaskiya ne, Oga. Akwai kuma bawul a baya mai rage ƙarfin birki gwargwadon nauyin kaya. Idan aka ɗaga motar tayoyin baya na reto, bawul ɗin kan tsuke hanya, mai ya riƙa ɗiga kawai. A sauke ta a kan tayoyinta, a yi aikin a kan rami.

Tsarin fitar da iskar shi ne baya dama, baya hagu, gaba dama, gaba hagu. A sa siririn tiyo mai haske a bakin nipul (ɗan notin da ake buɗewa don fitar da iska a kowace taya), ɗaya bakin cikin kwalba mai ɗan mai. Mutum ɗaya ya taka ya riƙe, a buɗe, a rufe, sannan ya saki. Kada kofin man da ke kan masta ya taɓa ƙafewa, in ya ƙafe an koma farko. Man birki nau'in DOT 3 ko DOT 4, lita ɗaya ta isa. DOT 5 ba ya gauruwa da su.

BabanGareji: Ku duba kalifa ma, wato ƙarfen da ke matse faifan birkin gaba. Idan an taɓa musanya na dama da na hagu, nipul zai koma ƙasa, ita kuwa iska sama take taruwa. Tiyon roba na tayoyin nan, mota mai shekaru haka, yakan kumbura idan an taka. Ka riƙe shi da hannu za ka ji. A canja su duka da sababbi, ban da na gwanjo. In za ka shiga kasuwar Panteka ta Kaduna, tafi da tsohon tiyon a hannu, ka gwada tsawo da zaren bakinsa kafin ka biya.