Na dawo kwangilar gwajin manhaja, ba wanda ke kira na

Salam 'yan uwa. Ina Gusau, shekaruna 52. Na yi shekara goma sha huɗu ina gwajin manhaja, yawanci da hannu: in rubuta matakan gwaji, in bi su, in shigar da kurakurai a Jira, manhajar bibiyar kurakurai. Kwangilata ta ƙarshe ta kuɓuce a 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara, na koma kasuwanci.

Wata biyar ke nan ina nema. Na sake takardar bayanan aikina har sau uku, na cire shekarar gama makaranta, na sa shaidar ISTQB, takardar ƙwarewa a gwajin manhaja, a sama. Shiru kake ji. Sau biyu kaɗai aka kira ni ganawa. A ta biyun aka ce in rubuta gwajin shafin shiga da Playwright, manhajar da ke gudanar da gwaji da kanta, cikin minti 40, na kafe tun wajen await (umarnin jiran wani mataki ya kammala), ni da na saba da takwararta Selenium da harshen kwamfuta na Java, shi ma tsohon salo. Yaron da ke gwada ni bai kai ɗan fari na ba, sai "Baba, ba komai" yake cewa.

Ga wanda ya taɓa ɗaukar ma'aikaci: in zauna wata uku in koyi Playwright, ko in ci gaba da neman kwangilar gwajin hannu?