Neman taimako kan maganin fata da ake yi da haske

Assalamu alaikum. Ƙanena zabiya ne, yana sayar da yadi a Kantin Kwari, kuma rana ta fitar masa da tabo masu kaushi a goshi da bayan kunne, waɗanda likita ya ce za su iya rikiɗewa su zama sankarar fata. Ya ambaci wani magani da ake shafa mai a wurin, a jira 'yan sa'o'i, sannan a haska jan haske ya kashe ƙwayoyin da suka lalace. Wata 2 ke nan muna cigiya, ba mu dace ba. Don Allah, wa ya san asibitin da ake yin sa a Kano ko Abuja? Kuma yaya ɗan kasuwa zai kauce wa rana har awa 48 bayan an yi masa?