Na sauya faifai biyu a NAS, amma wurin ajiya bai ƙaru ba

Mai Hoto: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da tsohuwar NAS (akwatin ajiyar fayiloli da ake haɗawa da netwok) mai gurbi huɗu, da faifai huɗu masu 4TB a tsarin RAID 5 (wanda yake haɗa faifai su zama rukuni ɗaya mai jure lalacewar faifai guda), kuma ta kusa cika. Na sayi faifai biyu masu 8TB, na sauya tsofaffin ɗaya bayan ɗaya, na jira kowanne ya gama sake ginuwa, amma har yanzu 10.9TB take nuna mini kamar da. Shin akwai abin da ban danna ba, ko kuwa kuɗina ne suka tafi a banza?

Malamin Lissafi: Wa alaikumus salam. Kuɗinka suna nan, Malam, sai dai rabinsu barci yake yi. RAID 5 yana auna kowane faifai da ma'aunin mafi ƙanƙanta a cikin rukunin, saboda haka 4TB kaɗai yake ɗauka daga kowane sabon faifai, ya bar sauran. Lissafin shi ne adadin faifai, a cire ɗaya, a ninka da girman ƙaramin: uku sau huɗu, 12TB ke nan. Sai ka sauya duka huɗun kafin ka ga ƙari.

Uwar Biyu: To me ya sa take nuna masa 10.9 ba 12 ba?

Malamin Lissafi: Bambancin ƙidaya ne, Hajiya. Masu ƙera faifai suna ƙirga dubu-dubu, na'ura kuwa tana ƙirga 1,024, shi ya sa faifai mai 8TB yake bayyana a matsayin kusan 7.3.

Tsohon Injiniya: Kafin ka sayi sauran biyun, ɗan'uwa, ka dakata ka duba irin furosesar da ke cikin akwatin naka, domin ka ce tsohuwa ce. Faifai huɗu masu 8TB a RAID 5 za su ba da 24TB, wato kusan 21.8 a ƙidayar na'ura, amma NAS mai furosesa ta bit 32 ba ta iya riƙe sashen ajiya guda ɗaya (yankin da ake warewa a kan rukunin don zuba fayiloli) da ya wuce 16TB. Synology mai ƙera NAS, misali, ta rubuta wannan iyaka a bayanan na'urorinta: 16TB ga masu bit 32, 108TB ga akasarin masu bit 64. Ko da furosesar mai bit 64 ce, akwai wani shingen a tsarin fayil na ext4. Idan an ƙirƙiri sashen tun da daɗewa ba tare da kunna damar bit 64 ba, yana ƙirga tubalansa ne da lamba mai bit 32, kowane tubali kuma 4KB ne, idan ka ninka za ka tsaya cak a 16TB. Na ga mutanen da suka sauya faifai duka, rukunin ya nuna sabon girma, amma sashen ya ƙi faɗaɗa, suka yi ta zargin faifan alhali laifin ba nasu ba ne.

Mai Hoto: Na duba yanzu, mai bit 32 ce. Wato ko na sauya duka, kusan 6TB za su zauna haka nan?

Tsohon Injiniya: Ba lallai ba. Iyakar a kan sashe ɗaya take, ba a kan rukunin faifan ba. Idan rukuninka irin wanda yake karɓar sashe fiye da ɗaya ne, sai ka bar na farko ya kai 16TB, ka buɗe na biyu da ragowar. Idan kuwa tun farko sashe ɗaya aka ware masa, to watakila sai an kwashe komai an sake gina shi daga tushe.

Ɗan Linux: A Linux wannan ba matsala ba ce. Tun e2fsprogs 1.43, wato manhajojin kula da ext4, ana iya mayar da tsohon ext4 zuwa bit 64 da umarnin resize2fs, sannan a faɗaɗa.

Tsohon Injiniya: A kwamfuta mai bit 64, haka ne. A tasa kuwa, tsarin da ke tafiyar da akwatin ne ba zai iya ɗaukar sashen ba ko da an mayar da shi. Kada ka sa bawan Allah ya shiga SSH, hanyar rubuta wa na'ura umarni kai tsaye, ya rasa hotunansa.

Baban Yara: Ku yi haƙuri in tsawaita, domin abin da ya same ni ya fi rashin ƙarin wuri ciwo. Ni ma haka na fara, RAID 5 mai faifai huɗu, ina sauyawa ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya gama lafiya. Da na sa na biyu, aikin ya kai wajen rabi sai ɗaya daga cikin tsofaffin faifan ya fara kawo kurakuran karatu, kafin gari ya waye na'ura ta fitar da shi daga rukunin. RAID 5 faifai ɗaya kaɗai yake iya rasawa, kuma a lokacin sake gini ka riga ka rasa wannan ɗayan, don haka babu sauran garkuwa. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, sake gini yana tilasta wa kowane tsohon faifai karanta kansa daga farko har ƙarshe na sa'o'i da yawa, kuma wuraren da suka lalace a ɓoye, waɗanda ba a taɓa ba shekara da shekaru, a ranar suke bayyana. Kai kuma saura sau biyu ka sa su wannan wahala. Na ceto akasarin takardun aiki saboda suna kan wani faifai na waje, amma bidiyoyin yara na shekara uku sun tafi, kuma har yau ban iya faɗin hakan a gida ba tare da kunya ba. Shawarata ita ce, kada ka sake zare ko faifai ɗaya sai ka yi kwafin ko-ta-kwana a waje, ka gudanar da dogon gwajin SMART, na duba lafiyar faifai, a kan tsofaffin biyun, ka sa na'ura ta tantance daidaiton rukunin, sannan ka haɗa ta da UPS domin katsewar wuta a tsakiyar aikin ba alheri ba ce.

Uwar Biyu: Allah ya mayar da alheri, Malam. Wannan ya sa zan yi nawa kwafin yau.

Mai Gyara: A ƙara da duba ko sababbin faifan CMR ne ko SMR, wato hanyoyi biyu na jera bayanai a kan faifai. A 2020 an yi ta ce-ce-ku-ce da aka gano wasu faifan WD Red masu SMR ne, irin waɗanda suke rage gudu sosai idan rubutu ya daɗe, har wasu rukunan su fitar da su a tsakiyar sake gini. Lambar samfurin za ka duba, ba launin takardar jikinsa ba.

Ɗan Linux: Duk wannan wahala ce ta akwatunan da aka rufe. Ka haɗa kwamfuta da manhajar TrueNAS da tsarin fayil na ZFS ka huta.

Malamin Lissafi: Ka huta ina? Shekaru da yawa ba a iya ƙara faifai guda a RAIDZ, wato RAID na ZFS, ba, sai OpenZFS 2.3 da ya fito a 2025 ya kawo hakan. Kuma a can ma ƙaramin faifai ne ma'auni, wato matsalar da ya kawo mana tana nan daram.

Ɗan Linux: Amma babu iyakar 16TB, kuma yana gano gurɓacewar bayanai da kansa.

Malamin Lissafi: Wannan gaskiya ne, ban musa ba.

Uwar Biyu: Ni SHR, tsarin RAID na Synology, nake amfani da shi, kuma da na sa manyan faifai biyu nan take wuri ya ƙaru. Da faifansa, 4, 4, 8 da 8, zai samu 16TB, domin ragowar manyan biyun ana haɗa su su zama madubin juna. Sai dai ba a mayar da RAID 5 zuwa SHR kai tsaye, dole a rushe a sake.

Mai Hoto: Tun da rushewa ta shigo maganar ta kowace hanya, ba zai fi sauƙi ba in maƙala faifai ta USB in ƙara a kan rukunin?

Mai Gyara: Akasarin NAS ba sa yarda faifan USB ya shiga rukuni, a matsayin ajiya ta daban yake zama. Akwatin ƙarin faifai mai haɗuwa ta wayar eSATA yana shiga a wasu samfura, amma ban so a shimfiɗa sashe ɗaya a kan akwatuna biyu, domin waya ɗaya ta kwance duka sashen ya faɗi.

Tsohon Injiniya: Tsofaffin 4TB biyun da ka cire suna ina? Ka sa su a akwatin USB ka fara kwashe abin da ba za ka iya jure rasawa ba. Nawa ne girmansa?

Mai Hoto: Suna cikin aljihun tebur, Baba. Hotuna da takardu ba su wuce 5TB ba, sauran finafinai ne da za a iya sake samu. Zan fara kwafin da daddare, in kawo muku sakamakon SMART idan ya kammala.

Baban Yara: Ka buɗe wasu fayiloli daga kwafin ka tabbatar suna buɗuwa kafin ka taɓa faifai na uku.