Tsakanin rana da wata, wanne ya fi jan ruwan teku?

Malam: Har yanzu ban gamsu da cewa wata ya fi rana tasiri wajen cikowar ruwan teku da janyewarsa ba. Rana ta ninka wata nauyi sau kusan miliyan 27, kuma ita ce take riƙe da duniyar kanta a falakinta, to ta yaya ɗan ƙaramin abu zai sha gabanta?

Malama: Malam, kana da gaskiya ta fuska ɗaya, domin jan da rana take yi wa duniya ya ninka na wata sau kusan 180. Sai dai abin da yake tayar da ruwa shi ne bambancin jan da ke tsakanin gefen duniya da ke fuskantar mai jan da kuma gefenta na nesa da shi. Wata yana nisan kimanin kilomita 384,000, saboda haka faɗin duniya, wanda ya kai kilomita 12,700, yana kawo bambanci sosai a wurinsa. Rana kuwa tana can kilomita miliyan 150, kusan ja ɗaya take yi wa gefunan biyu, shi ya sa tasirinta bai kai rabin na wata ba.

Alhaji: Ni ban iya wannan lissafi ba, amma na daɗe ina shiga kwale-kwale a Apapa da ke Legas. Ruwan da ya shafe matakalar shiga da hantsi yau, gobe sai ya makara da kusan minti 50, daidai da yadda fitowar wata take makara. Da rana ce mai aikin, ai da lokacinsa ba zai riƙa gusawa haka ba.

Malam: Na ji, Alhaji. To me ya sa cikowar take ƙaruwa a ƙarshen wata, lokacin da watan ya ɓuya gaba ɗaya?

Malama: Ɓuyan a idonmu ne kawai, yana nan tsakaninmu da rana. A ranakun nan, da kuma wajen daren sha huɗu, su ukun suna kan layi ɗaya, sai jan rana ya haɗu da na wata. Wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu kuwa, kowanne yana ja ta nasa ɓangaren, sai cikowar ta ragu.

Malam: Ashe dai rana tana da hannu a ciki, wannan kam ban janye ba. Amma na yarda nata kason ne ƙarami.