Daga Litinin zuwa Asabar: me kuka yi ranar da gaskiya ta taɓa tuwonku?

Malamin Makarantar Lahadi, Kafanchan:
Salama gare ku 'yan'uwa cikin sunan Yesu. A nazarin Littafi Mai Tsarki na tsakiyar mako mun tsaya a Luka sura 3, inda masu karɓar haraji da sojoji suka tambayi Yohanna Mai Baftisma abin da za su yi. Bai ce kowa ya ajiye aikinsa ba. Masu haraji ya ce kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade, sojoji kuma kada su yi wa kowa ƙwace, su gamsu da albashinsu. Duk muka ce amin. Sai wani saurayi ya ce, "Malam, wa ka sani da ya yi hakan, kuma me ya same shi?" Shi ya sa na kawo muku. Ba wa'azi nake nema ba. Wanda aka taɓa matsa masa ya yi ha'inci a wurin neman abincinsa, ya faɗa mana yadda aka ƙare, ko da daɗi ko ba daɗi.

Mama mai hatsi, Saminaka:
Malam, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Masara da waken soya nake saye da sayarwa. Wanda bai san kasuwar hatsi ba ya ɗauka mudu ɗaya ne. To biyu ne. Akwai na saye, wanda aka bubbuga gindinsa ya faɗaɗa, da shi ake tarar matan ƙauye da sassafe kafin su ƙaraso cikin kasuwa. Akwai na sayarwa, shi kuma an tura gindinsa ciki. A ido duk ɗaya suke. Bayan wannan ga dabarar hannu: in kina saye ki tara hatsi ya yi tozo har ki tare da tafin hannu, in kina sayarwa ki share da yatsa kamar ba ki sani ba. Wasu kuma su yayyafa wa masara ruwa ta yi nauyi, ko a zuba tsakuwa da ƙaiƙayi a tsakiyar buhu.

Uwata ce ta koya mini sana'ar, kuma mudu ɗaya ta bar mini. Takan ce Maimaitawar Shari'a 25 ta hana mutum ajiye ma'auni iri biyu a gidansa, babba da ƙarami, don haka ba ta ga abin yin dogon tunani ba. Ni ma da shi nake saye, da shi nake sayarwa. Amma kada wani ya ce muku babu asara. A kowane buhu wadda ke gefena takan fi ni riba, in shekara ta juyo ita ta sa kwano a ɗakinta, ni ina neman cikon kuɗin makaranta. Abin da ya fi ci mini rai, wasu masu mudu biyun tare muke ɗaura zanen Zumuntar Mata, tare muke kaɗa tulu muna waƙa. Na taɓa ta da maganar a taron zumunta, aka ce mini kasuwa daban, ikilisiya daban.

Akwai wani Alhaji da ke lodin kaya zuwa Dawanau, ba ya sa a zazzage buhuna, sai dai ya ɗora a mota. Ya ce su ma a Alƙur'ani akwai sura guda da ta yi kashedi ga masu tauye mudu. Ina jin daɗin wannan yarda, amma ba ta mai da ni mai kuɗi ba.

Ɗan POS, Jos:
Ni tawa gajeruwa ce. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, mutane na kwana a layin banki, mu masu POS muka zama sarakuna. Abokan sana'a suka yi ta ninka caji yadda suka ga dama. Na ƙara kaɗan, don ni ma sayen tsabar nake yi a hannun 'yan kasuwa, amma na rubuta cajin a kwali na manna, kowa ya gani, tsohuwa da mai babbar riga duk ɗaya. Kuɗina kan ƙare kafin azahar. Abokaina har yau Fasto suke kirana, kuma ba yabo suke nufi ba.

Baba mai ritaya, tsohon ma'aikacin lissafi:
'Ya'yana, ku bar ni in ɗan ja magana. Na yi aiki a sashen kuɗi na wata ƙaramar hukuma, ba zan faɗi wacce ba. Wata rana aka ajiye mini bauca a tebur, ta gyaran ajujuwan wata firamare. Ƙauyen na sani, matata 'yar can ce, kuma na san yara a ƙarƙashin mangwaro suke karatu. Babu wanda ya ce mini in yi sata. Cewa aka yi, "Sa hannu kawai, oga yana jira, naka yana nan." Na ce a ba ni takardar shaidar kammala aiki da rahoton injiniya. Aka yi dariya. Washegari aka turo mini wani ɗan'uwa mai bi, wai ya lallashe ni da harshen gida. Ya ce, "Dattijo, kai kaɗai za ka gyara Nijeriya?" Na ce a'a, hannuna kaɗai nake tsaro.

Ba a kore ni ba, don babu laifin da za a rubuta. Sai aka mai da ni wani ofis da ba a kawo fayil, tebur da kujera da jarida. Ƙarin girma ya wuce ni, yaran da na koya wa aiki suka zama shugabannina. Baucar kuwa wani ya sa mata hannu a makon da na ƙi, kuɗin ya fita. Ajujuwan ba a gyara ba.

Matata ta tsaya tare da ni, amma akwai daren da ta ce, "Baban yara, gaskiyarka ba ta dafuwa a tukunya." Ban ga laifinta ba, ita ke fama da cefane. Abin da ya girgiza ni ba na ofis ba ne. Ranar ƙaddamar da asusun ginin majami'a, wanda ya sa hannun nan shi aka gayyata babban baƙo, aka ba shi kujerar gaba, ya faɗi adadin da zai bayar, mata suka rangaɗa guɗa. Ni ne ma'ajin da ya ƙirga kuɗin. Na gaya wa Fasto abin da na sani, ya yi shiru ya ce mu yi addu'a a kai. Shugabanninmu su ji wannan: muddin ba a tambayar inda baiko ya fito, wa'azin gaskiya da ake yi wa matasa iska ce.

Malamar sakandare, Gombe:
Baba, Allah ya ƙara maka lafiya. Irin taka ce ta same ni a ɗakin jarrabawa. A wata makaranta mai zaman kanta da na koyar, iyaye kan haɗa kuɗi a ba masu sa ido, a rubuta amsa a allo. Na ce ba da ni ba. Uwar wata ɗaliba, 'yar ikilisiyarmu, ta same ni har gida tana kuka, wai ina so in kashe wa 'yarta gaba. Na ce ta turo mini yarinyar kullum da yamma in koya mata kyauta. Ta zo na ɗan lokaci ta daina. Da zango ya ƙare ba a sabunta mini aiki ba. Malamin da ya tsaya tare da ni a ɗakin malamai Musulmi ne, shi ma an sallame shi.

Direban babbar mota, Bokkos:
Ku gafarce ni iyayena, ni zan ɗan karkata. Duk waɗanda suka yi magana karɓa aka ce su yi suka ƙi. Mu fa bayarwa ake tilasta mana. Ina ɗauko dankalin turawa da tumatir in nufi kudu. Shinge bayan shinge, takarduna cikakku, amma in ban miƙa na goro ba sai a ce in faka gefe. Tumatir ba ya jiran shari'a. In ya ruɓe, manoman da suka ba ni amana su za su yi kuka, ba mai shingen ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 abin da ke saura bayan an sayi dizal da abinci bai taka kara ya karya ba. Ina addu'a kafin in ta da mota, ina ba da zakkata, amma ina miƙawa a hanya. Ku faɗa mini gaskiya, in zo Jibin Ubangiji ko in zauna a baya?

Ɗan'uwa daga Galmi, Nijar:
Sannunku 'yan Nijeriya. Direba, tambayarka ta fi ƙarfina, na bar wa dattawa. Mu nan albasa ce, kowa ya san albasar Galmi har Abijan da Akara. Dabarar da aka saba ita ce manya a bakin buhu, ƙanana da masu taɓo a ciki. Mu masu bi a nan ba mu da yawa, kowa ya san gidan kowa. In Kirista ɗaya ya cuci mai saye, ba sunansa za a kira ba, za a ce haka suke. Tun da mishan ta buɗe asibiti a garin nan a 1950 mutane suka san mu da jinya da riƙon amana, wannan sunan muke ci har yau. Ni ina ware albasata kashi biyu, kowace da kuɗinta. Dillalai ba sa so, don aikin ya fi yawa, la'adarsu kuma ba ta ƙaruwa.

Mama Fasto, Malumfashi:
Kafin a amsa wa direba, bari in juyo da madubin cikin gida. Muna maganar oga da mai shinge, mu fa? A ƙauyukanmu, cikin watan Agusta in rumbu ya ƙare, mai hali yakan ba maƙwabci buhu ɗaya a kan ya biya biyu da kaka. Masu bi na yi wa masu bi. Ga 'yan matan da ake ɗaukowa daga ƙauye su yi aikin gida a birni, da alkawarin makaranta, shekara ta wuce ba makaranta ba albashi. Yaƙub 5:4 ya ce hakkin ma'aikata da aka danne yana kuka. A zumuntarmu mun fara tara hatsi da kaka muna ajiyewa, mai bukata ya ara da damina ya mayar daidai abin da ya ɗauka. Wasu ba sa mayarwa, gaskiya, har an yi shekarar da rumbun ya kusa mutuwa. Muna dai lallaɓawa.

Baba mai ritaya:
Ɗana direba, ga nawa ganin, ba dokar ikilisiya ba ce. Fitowa 23:8 ta ce cin hanci yana makantar da mai gani, yana karkatar da maganar mai gaskiya. Wanda ya ba da kuɗi don a ba shi hakkin wani, ko a rufe ido ga motar da ba ta da birki, ya sayi zalunci. Kai kuwa ƙwace ake yi maka. Ban sa ku a kwando ɗaya ba. Amma ka binciki kanka: takardun nan cikakku ne kullum? Lodin bai wuce ƙima ba? In amsar i ce, ka zo teburin Ubangiji.

Malamar sakandare:
Baba, da girmamawa, ban gamsu duka ba. Iyayen ɗalibaina ma cewa suke tilas ce, kowa na yi. In kowa ya kira nasa ƙwace, wa zai fara ƙi?

Direban babbar mota:
Malama, na ji ki, kuma ban ce kin yi ƙarya ba. Amma ke da kika ƙi, aikinki kika rasa. Ni in na ƙi, kayan mutane ne za su lalace. Lodin da Baba ya ambata kuwa, wani lokaci masu kaya kan matsa a ƙara buhuna a sama, wannan zan iya ƙi, kuma zan fara daga tafiyar jibi. Na shinge zan kai wa Fastonmu da 'yan ƙungiyar direbobi, in ji ko akwai wanda ya taɓa ƙin bayarwa ya isa da tumatir lafiya. In akwai shi a nan, ya yi magana.