Muhawara: Kuzari ne ke ba ɗan wasan kwaikwayo kwarjini?

Darakta: Jama'a, zan faɗi maganar da wasu ba za su so ba. Ɗan wasan da ba shi da kuzari ya nemi wata sana'a. Jiya wurin gwaji wani yaro ya haddace maganganunsa tsaf, amma ya tsaya kamar an dasa shi, hannuwa a sake, murya a maƙoshi. Na koma kujerun baya, wallahi motsin leɓe kawai nake gani.

Mai kyamara: Malam, a dandamali na yarda. A gaban kyamara kuwa wannan kuzarin ne ke ɓata mana aiki. In na matso da hoto kan fuska, ɗaga gira ɗaya ya wadatar. Mai zare ido da wurga hannu sai ya fito kamar wanda kunama ta harba. Ka tuna gwajin Lev Kuleshov, mai shirya fim na Rasha. Fuska ɗaya ce ba yabo ba fallasa, ya haɗa ta da hoton kwanon miya, da na gawa a akwati, da na wata mace. Masu kallo suka ga yunwa, suka ga baƙin ciki, suka ga sha'awa, alhali mutumin bai canza komai ba.

Darakta: Ai wannan aikin mai tace hoto ne. A dandamali wa zai tace maka? Filin wasan Epidaurus na ƙasar Girka, wanda aka gina a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), yana ɗaukar mutum kusan 14,000. Babu makirufo, 'yan wasan kuma fuskarsu a rufe. In ba murya da jiki ba, da me za su isa ga na can sama?

Tsohon hannu: Ku dakata, yarana. Kuzari daban, hayaniya daban. Na taɓa fitowa da wata baiwar Allah wadda aikinta a wannan fitowar ta zauna ta saurare ni. Ni ina ta zuba, ina kai-komo, gumi har cikin ido. Da na saci kallon jama'a, sai na tarar duk ido na kanta. Ba ta yi komai ba, illa ta daina juya zoben da ke yatsanta daidai lokacin da na ambaci sunan ɗanta. Har yau abin na ɗan yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Kuzarinta ya fi nawa, riƙe shi ta yi. Zeami, gwanin Noh, wasan kwaikwayon gargajiya na Japan, da aka haifa a ƙarni na 14, yana koyar da cewa zuciya ta motsa goma bisa goma, jiki bakwai kawai.

'Yar koyo: Baba, to ai wannan baiwa ce. Wani ko shigowa ya yi sai wuri ya yi tsit. Ana koyon wannan?

Tsohon hannu: Akwai baiwa, 'yata, ban musa ba. Amma yawancin abin da kike gani horo ne. Numfashi daga ciki, ba daga ƙirji ba, don murya ta yi nisa ba ta dishe ba. Sai sanin abin da kike nema wurin abokin fitowarki. A kan wannan Stanislavski ya dage, daraktan wasan kwaikwayo na Rasha wanda shi da abokin aikinsa suka kafa gidan wasa a Mosko a 1898. Wanda bai san me ya kawo shi dandamali ba, hannuwansa ne ke fara tona masa asiri.

Mai kyamara: Ka ji ko, Malam?

Darakta: Na ji, amma ban janye ba. Yarona ba riƙe kuzari ya yi ba, babu ne. Shirun mai ƙunshe da magana ba ɗaya yake da na wanda ke jiran layinsa ya zo ba.

Tsohon hannu: Ka tambaye shi me yake so daga abokin fitowarsa a wannan fitowar?

Darakta: Gaskiya a'a. "Ɗaga murya" kawai nake ta ce masa. Gobe zan tambaye shi, amma daga kujerun baya zan ji amsar.